3.4 Haraji da Jangali a Siyasar Ƙauyukan Kano

A sashen da ya gabata an yi bayanin kafuwar jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, da kuma rikiɗewar Jam'iyyar Mutanen Arewa zuwa NPC a 1951. A nan kuwa za a duba abin da ya sa mutumin ƙauye yake zaɓar ɗaya ya bar ɗaya.

Tun farkon mulkin Turawa aka fitar da hakimai daga birni, aka zaunar da kowannensu a gundumarsa. Babban aikinsu shi ne tara haraji daga magidanta da jangali daga masu shanu. Mai unguwa ne ke bi gida-gida, ya miƙa wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, shi kuma ya shigar baitulmalin En'e. Wanda ya kasa biya yakan sayar da hatsinsa ko akuyarsa, wani ma ya yi ƙaura. Tun da 'yan doka da kotunan alƙalai da gidan yari duk suna hannun En'e, talaka ba shi da wurin kai kuka.

Neman kuɗin harajin nan yana cikin dalilan da ke kawo manoma birni cin rani. Sukan yi dako ko ga-ruwa a kasuwar Kurmi da wajejen Ƙofar Wambai da Fagge, inda suke cuɗanya da teloli da dukawa da ƙananan 'yan kasuwa, waɗanda su ne ƙashin bayan NEPU. Idan damina ta faɗi sai su koma gida da aƙidar sawaba a bakinsu.

Sai dai jin magana daban, jefa ƙuri'a daban. Galibin hakimai da dagatai suna tare da NPC, don haka wanda ya rungumi tauraro ya bar fartanya yana iya gamuwa da ƙarin haraji, ko ƙwace gona, ko ɗauri. Wannan na cikin abin da ya sa NPC ta kwashe mafi yawan kujerun karkarar Kano a zaɓen 1959.

Al'amarin ya sauya bayan da gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka da kotuna daga En'e, sannan aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976. A zaɓen 1979 jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano, mai alamar mabuɗi, ta lashe Jihar Kano. Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi, ɗan ƙasar Sumaila, yana hawa mulki ya soke haraji da jangali, kamar yadda Balarabe Musa ya yi a Kaduna.

Soke harajin bai kawo ƙarshen rigima ba. Jam'iyyar ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, har ta kai 'yan unguwa ɗaya suna ƙaurace wa bikin juna. A 1983 Rimi ya tsaya a NPP, Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da shi.

Ke nan, abin da ya fi tasiri a siyasar gunduma shi ne abin da ya taɓa rumbun manomi da mutuncinsa a gaban hakimi. Bayan gushewar haraji, sai wannan ma'auni ya koma kan taki da ruwan sha da hanya, waɗanda za a tattauna a sashe na gaba.