Gada Ma Tana Da Murya

 Yau titin Gwarzo za mu bi, amma bari mu fara ratsewa kasuwa, layin masu tukwane.

Duk wanda ya taɓa raka tsohuwa sayen randa ya san ba ta yarda da ido kaɗai. Sai ta karkata randar, ta lanƙwashe yatsa, ta ƙwanƙwasa. In ta ji ƙau, amon ya ɗan jima yana amsawa, sai a hau ciniki. In kuwa ta ji ɓus, sai ta yi gaba ko waiwaye babu, don ta san akwai tsaga a ciki ko da ido bai gan ta ba. To abin da injiniyoyi ke yi wa gadoji ke nan a yau, sai dai su da na'ura suke saurare.

Ka tsaya a kan wata gada a hanyar Kano zuwa Gwarzo, ka jira tirela ta danno da lodin masara. Za ka ji karkarwa a tafin ƙafarka. Kada gabanka ya faɗi, lafiyayyar gada ma tana girgiza. Abin da ake aunawa shi ne saurin girgizar, wato sau nawa take kai da komo cikin daƙiƙa ɗaya, kuma nauyin gadar da taurinta ne ke yanke wannan. Mai kalangu zai riga kowa ganewa: in ya matse igiyoyi a hammata murya ta hau, in ya sassauta ta sauko. Haka gada take. Ranar da kankare ya tsage, ko rodi ya yi tsatsa ya sake, muryarta sauka take yi.

Na'urar ba wata babba ba ce. Irinta ce a cikin wayarka, wadda ke juya hoto in ka kwantar da wayar, illa dai ta injiniyoyi ta fi kaifin ji. A manna ta a jikin gada, a haɗa mata batir da ɗan faifan sola, motocin da ke wucewa su ne yatsan da ke ƙwanƙwasawa.

Inda abin ya fi shafar mu shi ne gindin ginshiƙi. Rafukanmu na yashi ne. Da rani tifofi na shiga suna kwasa, da damina ruwa ya zo da ƙarfinsa ya rarake abin da ya rage. Ginshiƙin da aka binne sai ya koma kamar haƙorin da dasashi ya janye masa, yana tsaye amma yana motsi. A watan Agusta, ruwa ya yi jawur ya cika rafi, wane ne zai nutsa ya dubo? Direba a sama kwalta yake gani sumul. Na'urar kuwa tana iya jin gadar ta fara rangaji fiye da yadda ta saba.

Amma fa akwai tarko. A ƙasar Suwizalan an taɓa samun wata gada mai suna Z24 da za a rushe. Masana suka ce a ba su aronta tukuna. Suka yi kusan shekara guda suna sauraronta, sannan a 1998 suka shiga raunata ta da gangan: su sauke ginshiƙi kaɗan su auna, su tsinke wayoyin ƙarfen cikinta su sake aunawa. Abin da ya fito fili shi ne, sanyi kaɗai, in ya daskarar da kwalta, yana canza muryar gadar kamar yadda rauni ke yi, har ma fiye. Mu nan ba mu da ƙanƙara, amma asubahin hunturu a Getso daban yake da azahar ɗin Afrilu. Wanda ya zo rana ɗaya ya auna ya tafi bai san komai ba tukuna. Sai an san muryar gada a kowane yanayi tana lafiya, kafin a gane ranar da ta dishe.

Sai madatsun ruwa, waɗanda yankin nan ke da su birjik: Guzuguzu, Magaga, Pada, cikin shirin da Gwamna Audu Bako ya ɗora harsashinsa, duk sun haura shekara 40. Ga kuma Challawa a Ƙaraye, da aka kammala a 1992. A nan ba zan yi muku zuƙi ba, dam ɗin ƙasa ba ya amo kamar randa. Shi ana sa masa bututun auna matsin ruwa a cikinsa, a kuma riƙa duba ruwan da ke tsattsafowa ta bayansa. In garau yake, da sauƙi. In ya fara fitowa da laka, jikin dam ɗin ne ke fita. Girgiza ta fi amfani a sassan kankare, kamar mafitar rarar ruwa. Dattawa ba su manta ɓallewar dam ɗin Bagauda a 1988 ba, yara kuma sun ga abin da dam ɗin Alau ya yi wa Maiduguri a Satumbar 2024.

Ni a ganina ba tsadar na'ura ce ta hana mu ba. Mun saba ne sai abu ya rufta a kafa kwamiti. Alhali sabon mazaunin Jami'ar Bayero a kan titin Gwarzo yake, kuma kowace shekara ɗaliban injiniya na neman abin da za su yi aikin kammalawa a kai. A ba su gada ɗaya a Kabo, ɗaya a Gwarzo. Su auna da hunturu, da bazara, da tsakiyar damina, da kaka, su bar lissafin a inda 'yan bayansu za su same shi su ɗora.