Yadda dattawan Ostireliya suka nuna wa masana dabarar tare gobarar daji da wuta

A duk shekara idan damina ta ɗauke, jirage masu saukar ungulu kan yi ta shawagi a kan dazukan yammacin Arnhem Land da ke arewacin Ostireliya, suna zubo wasu 'yan ƙwayoyi da ke kamawa da wuta bayan sun faɗo. A ƙasa kuma masu gadin daji na tafe suna cinna wa ciyawa wuta da hannunsu.

Wanda bai sani ba sai ya ɗauka ɓarna ce. Alhali aikin hana gobara ake yi, kuma ya samo asali ne daga wani bincike da masana kimiyya suka yi kafaɗa da kafaɗa da 'yan asalin ƙasar, wato Aborijin.

Arewacin Ostireliya daji ne mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi, damina ɗaya, rani mai tsawo. Sai dai raninsu na kamawa ne daga wajen watan Mayu zuwa Oktoba. Shekaru dubbai Aborijin na ƙona wannan daji kaɗan-kaɗan a farkon rani, lokacin da ciyawa ke da sauran danshi kuma raɓa na sauka da dare. Irin wannan wuta ba ta tashi sama, ba ta cin manyan itatuwa, sau da yawa da kanta take mutuwa kafin gari ya waye. Wuraren da ta ci sai su zama shinge: idan babbar gobara ta taso daga baya, tana isowa nan sai ta rasa abin ci.

Da mutane suka watse daga ƙasashen kakanninsu zuwa garuruwa da sansanonin mishan a ƙarni na 20, sai dajin ya zauna babu mai kula. Ciyawa ta riƙa taruwa har ƙarshen rani. A lokacin ta bushe ƙayau, ga zafi ga iska, tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da wutar da za ta yi makonni tana ci.

Aikin masanan

A ƙarshen shekarun 1990 ne dattawan yankin da masu bincike suka fara zama tare a kan matsalar. Cikin dattawan akwai Lofty Bardayal Nadjamerrek, fitaccen mai zane wanda ya jagoranci komawar mutanensa ƙasar kakanninsu, ya kuma rasu a 2009. A ɓangaren masana akwai Jeremy Russell-Smith da abokan aikinsa, tare da hukumar binciken kimiyya ta ƙasar, CSIRO.

Dattawan sun san inda ya kamata a ƙona, da lokacin da ya dace, da wuraren da ba a taɓawa. Abin da masanan suka kawo shi ne awo. Sun bi hotunan tauraron ɗan'adam na shekaru don gano faɗin dajin da ke ƙonewa da watan da yake ƙonewa. Sun auna nauyin ciyawa da ganye kafin wuta da bayanta, sun kuma ɗebi hayaƙi sun gwada.

Sakamakon da suka wallafa a 2013 ya nuna cewa kafin fara aikin, kusan kashi 32 cikin 100 na yankin ne gobarar ƙarshen rani ke cinyewa duk shekara. A shekaru bakwai na farko na aikin, adadin ya sauko zuwa wajen kashi 11, iskar da ke ɗumama duniya da wutar ke fitarwa kuma ta ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku.

Wannan awo ne ya jawo kuɗi, domin kamfani ba ya biya kan labarin kaka da kakanni sai ya ga alƙaluma. A 2006 aka ƙulla yarjejeniya da ConocoPhillips, wanda a lokacin yake da masana'antar iskar gas a birnin Darwin, cewa zai riƙa biyan kusan dalar Ostireliya miliyan ɗaya duk shekara har tsawon shekara 17. Su kuma ƙungiyoyin masu gadin daji biyar za su rage tan 100,000 na gurɓatacciyar iska a shekara, a fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 28,000. Daga 2012 gwamnati ta amince da tsarin a hukumance, ayyuka irinsa suka bazu a arewacin ƙasar.

Sai dai ba a rasa ƙorafi ba. Tsarin ya ɗauki 1 ga Agusta a matsayin iyaka tsakanin wutar farko da ta ƙarshe, ita kuwa ciyawa ba ta duba kalanda. Akwai kuma masu ganin wutar da ake zubowa daga jirgi ba daidai take da ta mutumin da ke tafe a ƙasa yana duba kowane kwari da tudu ba.

Ko zai yi aiki a Afirka?

Tambayar ta dace, tunda mafi yawan dajin da ke ƙonewa a duniya kowace shekara a Afirka yake. A 2019 wasu masu gadin daji Aborijin sun je Botswana don gwada dabarar tare da mutanen can.

A Afirka ta Yamma lamarin ya ɗan bambanta. Binciken da Paul Laris ya daɗe yana yi a kudancin Mali ya nuna manoma da makiyaya tuni suna ƙona daji yanki-yanki tun daga kaka, ba su taɓa dainawa ba. Abin da hukumomi suka fi karkata a kai shi ne hani. Ghana, alal misali, ta kafa dokokin hana cinna wuta a daji bayan gobarar 1983 da ta cinye gonaki masu yawa, amma har yau da zarar hunturu ya kama sai hayaƙi ya turnuƙe arewacin ƙasar. Dokar da ta sa mai ƙona daji da sani da mai farautar gafiya a ma'auni ɗaya, da wuya ta samu goyon bayan mutanen ƙauye.

Gamba ta zama annoba

Babban abin da ke barazana ga aikin a Ostireliya yanzu ciyawa ce da Bahaushe ya sani sarai: gamba, wadda ake saƙa zana da ita. A shekarun 1930 aka kai ta can don kiwon shanu, kuma har yau da sunanta na Hausa suke kiranta.

A ƙasar Hausa dabbobi na cin ta tun tana ɗanya, masu zana na yanke ta, ba ta samun sararin cika daji. A can kuwa ta tsallake gonakin kiwo ta shiga daji, tana kai tsawon mita huɗu. Masu bincike a Jami'ar Charles Darwin, ciki har da Natalie Rossiter da Samantha Setterfield, sun gano cewa zafin wutar gamba na iya ninka na ciyawar ƙasar har sau takwas, ko da a farkon rani aka cinna ta. Harshenta na kaiwa kan itatuwa ya kashe su, gamba ta maye gurbinsu.

A 2012 gwamnatin tarayya ta sa ta cikin jerin ciyayi mafiya haɗari a ƙasar, kuma ta riga ta mamaye wani ɓangare na gandun dajin Litchfield da ke kudu da Darwin. Duk inda ta kafu, ƙonawar farkon rani ba ta da amfani. Sai dai a bi ta da feshin magani, tushe bayan tushe, kafin ta zubar da iri.