Kalmar 'Duniya' a Bakin Masu Wa'azin Kirista: Tsokaci a Kan Son Duniya da Raba Ƙafa a Ikilisiya

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce yin bayani a kan wata matsala da ta daɗe tana ci wa ikilisiyoyin Kirista tuwo a ƙwarya, wato kutsowar son duniya cikin harkar ibada. Ba za a shiga hurumin malaman tauhidi ba. Abin da za a bi sawunsa shi ne kalmomin da ake tattauna matsalar da su, musamman a Hausa, wadda ita ce harshen sujada a ɗimbin majami'u na Filato da Kudancin Kaduna da Adamawa da Taraba da Gombe.

2.0 Asalin Kalmar da Nauyin da Ta Ɗauko

Kalmar 'duniya' ararriya ce daga Larabci, inda tushenta ke nufin abin da ya fi kusa ko ya fi ƙasƙanci, kishiyarta kuwa ita ce 'lahira'. Tun kafin zuwan mishan Bahaushe ya riga ya ɗora mata nauyin zargi. Idan aka ce wane 'ɗan duniya' ne, ba yabo ba ne. Yarinyar da ta 'shiga duniya' ta bar gaban iyayenta ke nan. Akwai 'abin duniya', akwai kuma 'gudun duniya', wato zuhudu, wanda waƙoƙin wa'azi na ƙarni na 19 suka cika da shi. Saboda haka, lokacin da Dokta Walter Miller na CMS, wanda ya zauna a Zariya tun 1905, da abokan aikinsa suka fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, sun tarar da kalma a shirye, amma da kayanta a ka.

A nan ne gizo ke saƙar. Girkancin Sabon Alkawari yana da kalmomi biyu. Ta farko ita ce kosmos, wadda a Yohanna 3:16 take nufin 'yan Adam da Allah yake ƙauna, amma a 1 Yohanna 2:15 take nufin tsarin rayuwar da ya juya wa Allah baya, wanda aka gargaɗi mai bi kada ya ƙaunace shi. Ta biyu ita ce aion, wadda ta fi kusa da 'zamani'; ita ce a Romawa 12:2, ita ce kuma a 2 Timoti 4:10 inda Bulus ya koka cewa Dimas ya yashe shi. Idan aka lura, waɗannan nassoshi suna magana ne a kan wanda zuciya take yi wa biyayya. Kunnen mai jin Hausa kuwa, da zarar ya ji 'duniya', sai ya hango wurare da kayayyaki: gidan giya, dandali, gwala-gwalai. A ganina wannan ɗan giɓi ya taimaka wajen mayar da son duniya wani jerin abubuwan da ake gani da ido, alhali kwaɗayi da son girma ba su da tufafin da ake gane su da shi.

3.0 Tsohuwar Cuta Ce

Ba a Nijeriya aka fara ba. Ayyukan Manzanni sura 8 ta kawo labarin Siman mai sihiri da ya nemi sayen baiwar Ruhu da kuɗi, kuma daga sunansa Turawa suka samo kalmar da suke kiran cinikin muƙaman ikilisiya da ita. Bayan da Sarki Kustantin ya halatta addinin a daular Rum a 313, bishop ya zama na hannun daman fada, masu gudun duniya kuma suka ƙara tururuwa zuwa hamadar Masar bisa sawun Antoniyo. A 1517 Martin Luther ya tayar da ƙura a Jamus a kan sayar da takardun sassaucin horon zunubi, waɗanda ake tara kuɗin gina majami'ar Bitrus ta Rum da su.

4.0 Yadda Ma'anar Ta Juya a Nijeriya

Ƙungiyoyin mishan irin su SIM (1893) da SUM (1904), waɗanda ECWA da COCIN suka fito daga cikinsu, sun shata iyakar 'duniya' da burkutu da taba da rawar gargajiya da auren mace fiye da ɗaya. Wanda ya ƙetare iyaka sai dattawan ikilisiya su sa shi ƙarƙashin 'horo', a hana shi Jibin Ubangiji, a ce ya 'ja da baya'.

Farkawar da ta taso a jami'o'in kudu a shekarun 1970 ta ƙara tsawon jerin. A 1973 W. F. Kumuyi, malamin lissafi a Jami'ar Legas, ya fara nazarin Littafi Mai Tsarki da mutum 15, abin da ya zama Deeper Life. A wurin mabiyansa na farko, ɗan kunne da sarƙa da kwalliya duniya ne, akwatin talabijin ma haka. Daga baya wa'azin Kumuyi kansa ya koma yawo ta tauraron ɗan Adam zuwa cikin wannan akwati, abin da ke nuna cewa jerin haramtattun kaya yana tsufa.

Sai kuma aka yi juyin waina. Benson Idahosa na Benin, wanda ya yi karatu a Dallas ta Amurka ya kuma rasu a 1998, ya koyar da cewa talauci ba rabon mai bi ba ne. David Oyedepo, wanda cocinsa ta yi ƙarfi a Kaduna a shekarun 1980, ya buɗe majami'a mai ɗaukar mutum 50,000 a Ota a 1999. Bai kamata a manta da yanayin da wannan koyarwa ta bunƙasa a ciki ba: tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, albashi ya zama ba ya kai wata, kuma mai jin yunwa ba ya sauraron wa'azin gudun duniya da natsuwa. To amma abin da ya shafi manazarcin harshe shi ne yadda kalmomi suka sauya kaya. 'Albarka', wadda a da ta haɗa zuriya da lafiya da kwanciyar rai, ta ƙuntata ta koma mota da gida da biza. 'Shaida', wadda a da labarin tuba ce da maya haihuwa, ta zama labarin samun kwangila. 'Baiko' ya zama 'shuka iri', ana kafa hujja da 2 Korantiyawa 9:6, ko da yake a can Bulus yana tara gudummawa ne domin matalautan Urushalima. 'Zakka', wato kashi ɗaya cikin goma na Malakai 3:10, ta zama kamar jarin da ake jiran ribarsa. Ita kuwa 'duniya' ta rage faɗi: a irin wannan wa'azi ba ta nufin dukiya, sai dai maƙiya da mayu masu tare hanyar dukiyar. A garin kudu da nake koyarwa, allunan tallar taron addu'a da ke bakin titi sun ishi mai bincike misalai.

Suka daga cikin gida ta zo. Malaman tauhidi na Afirka da suka zauna a Akropong ta Gana a 2008 da 2009 ƙarƙashin ƙungiyar Lausanne sun yarda cewa Allah yana kula da talaka, amma sun ƙi amincewa da auna bangaskiya da ma'aunin arziki.

5.0 Raba Ƙafa

Masu fassara wa'azi daga Ingilishi sukan yi tuntuɓe a kan kalmar da ke nufin sarayar da gaskiya domin a zauna lafiya da zamani. 'Sulhu' ba ta dace ba, domin abin yabo ce. 'Sassauci' ma tana da ƙamshin jinƙai. 'Zuciya biyu' ta kusa, amma ta fi karkata ga shakka. Wadda ta fi kamawa ita ce 'raba ƙafa', domin tana nuna mutum ne da gangan ya ƙi sakin ko ɗaya daga ɓangarorin biyu, kamar ikilisiyar Lawudikiya da aka zarga a Ru'ya ta Yohanna sura 3 da zama ba zafi ba sanyi.

Amfanin wannan kalma shi ne tana iya hawa kan hukumar ikilisiya, ba kan mutum ɗaya kaɗai ba. Kalmar 'ja da baya' kusan kullum ƙaramin mai bi take faɗa wa: yarinyar da ta yi ciki, ko manomin da aka gani a gidan burkutu. Ba a cika jin an yi amfani da ita ga majalisar dattawan da ta karɓi gudummawar gini daga ɗan siyasa ana gab da zaɓe ta kuma ba shi bagadi ya yi jawabi ba, ko wadda ta ba attajiri kujerar gaba ba tare da tambayar inda ya samo ba, duk da cewa Yakubu sura 2 ta ambaci wannan batu na kujera ƙarara.