Daurewa da Rana, Zarin Ci da Dare: Ga Waɗanda Likita Ya Sa wa Dokar Abinci

'Yan'uwa, a ikilisiyoyinmu na Romi, Gonin Gora da Sabon Tasha akwai mutane da yawa da likita ya sa wa doka a kan abinci. Wani ciwon sukari ne, wata hawan jini, wata kuma an ce ta rage ƙiba saboda ciwon gwiwa. An ce su rage tuwo da shinkafa, su bar lemon kwalba, su yi hankali da gishiri da magi, kuma suna ƙoƙari ƙwarai. Amma akwai abin da ba a cika kawo shi wurin roƙon addu'a ba. Mutum zai ƙi karyawa da safe, ya ɗan taɓa ganye da rana, sai dare ya yi, kowa ya kwanta, ya sami kansa a gaban tukunya yana ci a tsaye, da sauri, ya kasa dainawa har ciki ya yi masa ciwo. Gari na wayewa kunya ta kama shi, ya ɗauki alkawari yau ba zai sa komai a baki ba. Da dare abin ya sake dawowa.

Yawancinmu mukan kira wannan haɗama ko rashin kamewa. Sau da yawa kuwa tushensa yunwa ce, wadda mutum ya jawo wa kansa don ya tsananta dokar fiye da yadda likita ya faɗa.

An taɓa gwada wannan a fili. A shekarar 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wani masani mai suna Ancel Keys a Jami'ar Minnesota ta Amurka ya tara samari 36 masu ƙoshin lafiya, don a gane yadda za a farfaɗo da mutanen da yunwar yaƙi ta rame da su. Samarin masu ƙin ɗaukar makami ne saboda lamirinsu, wasunsu 'yan Ikilisiyar 'Yan'uwa ne, wato ikilisiyar da ta fara aikin mishan a Garkida a 1923, aikin da ya haifi EYN. Da yardarsu aka rage musu abinci zuwa kusan rabi har mako 24, suka zubar da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Abinci ya zama shi ne hirarsu da mafarkinsu, wasu har suka shiga tara littattafan girki. Wasu sun karya doka a ɓoye, suka ci har suka yi amai, suka riƙa ƙyamar kansu. Da aka sake su, da dama sun yi watanni suna ci fiye da kima ba sa jin sun ƙoshi. Waɗannan ba ragwaye ba ne, mutane ne da suka ba da jikinsu saboda wasu. Jiki ne kawai yake neman a biya shi bashin da aka ci masa.

Ga mai ciwon sukari akwai ƙarin haɗari. In yana allurar insulin, ko yana shan ƙwaya irin Daonil, ya kuma tsallake abinci, sukarin jininsa na iya faɗuwa ƙasa da 70 a na'urar gwaji. Sai rawar jiki, gumi, bugun zuciya da wata irin yunwa mai haukatarwa. A wannan lokacin ƙarfin hali ba ya aiki: ya sha abu mai zaƙi kaɗan nan take, ya biyo da abinci, ya kuma gaya wa likitansa don a duba yawan maganin.

Shi ya sa mataki na farko yakan ba mutane mamaki: a ci abinci a kan lokaci. Safe, rana da dare, da ɗan abin taɓawa a tsakani, kada a wuce awa 4 ba a sa komai a ciki ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wake, ƙwai, kifi, fate mai yawan ganye, zogale, rama, yalo da ɗan gyaɗa suna riƙe ciki, kuma duk ana samunsu a kasuwar unguwa. Tuwo kuwa yawanci ragewa aka ce a yi, ba a daina ba. In ba ka tabbata ba, ka nuna wa likita girman malmalar da kake ci, ya faɗa maka. Bari in ƙara da cewa tuwon acca da na alkama, da ake ta yabonsu, su ma suna ɗaga sukari in aka cika kwano da su.

Abu na biyu shi ne tunanin nan na “tun da na riga na ɓata, bari in ƙarasa”. Yankan burodi ɗaya da aka ci ba bisa tsari ba ƙaramin abu ne. Wannan tunanin ne yake mai da shi burodi guda. Haka nan washegari, kada a hukunta jiki da yunwa, gama hukuncin ne yake shirya faɗuwar dare mai zuwa. A karya kumallo kamar kullum, a sha magani kamar kullum.

Ba kullum yunwa ce kaɗai ba. Gwauruwa da ke kwana ita kaɗai, magidanci da kuɗin makaranta ya hana shi barci, sukan sami ɗan sauƙi a wurin abinci. In kwaɗayin ya taso, a bar wurin girki, a kira wani, a zaga tsakar gida. Yakan tashi ne ya kuma sauka. Ragowar abincin dare a rufe shi a ajiye tun kafin a kwanta, kuma a zuba a faranti a zauna a ci, kada a ci daga tukunya. Ku tuna da Iliya a 1 Sarakuna sura 19: da ya gaji har ya roƙi mutuwa, ba a fara da tsawata masa ba, barci ya yi, mala'ika ya tashe shi sau biyu ya ci abinci.

Mu ma a ikilisiya muna da namu laifin. Babu bikin aure, godiya ko taron Zumuntar Mata da ba a raba shinkafa da lemo, ga kuma masu cewa, “Haba Baba, yau ɗaya dai!” Kwalbar lemo ta santilita 50 tana ɗauke da sukari fiye da ƙaramin cokali 10, maltina ma ba ta tsira ba. Mai bin doka ya ci wani abu a gida kafin ya fita, ya karɓi kasonsa da godiya, ya ci rabi, ya kai wa yara sauran. Masu hidima kuma su tanadi ruwa, su daina matsa wa wanda ya ce ya isa. Game da azumin farkon shekara, ra'ayina shi ne kowane fasto ya faɗa daga bagade, a fili, cewa mai allurar insulin, da mai juna biyu, da mai fama da zarin ci, kada su shiga sai da yardar likita. In ba a faɗa ba, kunya za ta sa su shiga.

Akwai kuma inda abin ya zama ciwo mai zaman kansa. Tun 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa zarin ci cikin jerin cututtukan da ake yi wa magani. Ma'auninta shi ne ya riƙa faruwa aƙalla sau ɗaya a mako har wata 3, tare da jin an kasa tsayawa, da ci a ɓoye, da baƙin ciki daga baya. In haka ne, ko mutum ya fara sa kansa amai, ko shan maganin zawo, ko rage allurarsa don ya rame, lokacin zuwa asibiti ya yi. A fara da likitan da ya ba da dokar, a kuma nemi ganin masanin abinci, kamar a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko. Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa yana kusa da mu, kuma ba don masu tabin hankali kaɗai aka gina shi ba, ana ganin masu damuwa da rashin barci ma. Kafin a tafi, a rubuta a ɗan littafi na mako guda abin da aka ci, da ƙarfe nawa, da yadda zuciya take a lokacin, har da na daren da ake jin kunyarsa. A je da shi, tare da katin magani.