Lambar 112: Wa ke amsa kiran gaggawa, kuma me ya sa ɗauki ke jinkirin isa Dirin Daji?

Idan mutum ya danna 112 a wayarsa daga Dirin Daji, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Sakaba a masarautar Zuru, ba ofishin 'yan sandan garin kiran ke shiga ba. Bisa tsarin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta shimfiɗa, kamfanin wayar ne zai tura kiran zuwa Cibiyar Sadarwar Gaggawa, inda wani ma'aikaci da ke zaune gaban kwamfuta zai ɗauka. Ma'aikacin nan ba ɗan sanda ba ne, ba likita ba ne, ba kuma ɗan kwana-kwana ba. Ba shi da bindiga, ba shi da mota, kuma ba shi da ikon umartar kowa ya tashi. Duk da haka, abin da ya tambaya da abin da ya rubuta a 'yan daƙiƙun farko na iya zama sanadin rayuwar wanda ya kira.

Dokar Sadarwa ta 2003, a sashe na 107, ita ta ɗora wa NCC alhakin ware lamba guda ta neman ɗauki a duk faɗin Najeriya, tare da samar da kayan aikin da za su sa lambar ta yi amfani. Manufar ita ce kowace jiha ta samu cibiya ɗaya, Abuja ma ta samu tata. Aikin ya daɗe yana jan ƙafa. Sai a watan Satumbar 2019 aka ƙaddamar da cibiyar Katsina, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari kuma ya ƙaddamar da ta Abuja a watan Maris na 2020. Ya zuwa 2023 hukumar ta ce cibiyoyi 27 ne ke aiki. Kiran kyauta ne, ko babu ko sisi a waya zai shiga, muddin akwai sabis.

Wasu ƙasashe sun daɗe da wuce nan. Birnin Landan ya buɗe lambar 999 tun 1937, bayan wata gobara ta 1935 da ta kashe mata biyar yayin da wani maƙwabci ke ta fama ya samu layin 'yan kwana-kwana. Amurka ta fara 911 a 1968, Tarayyar Turai kuma ta amince da 112 a 1991.

Abin da ke faruwa a cikin cibiyar

A bayanin da NCC ke yi, kowace cibiya na da teburori 11: goma na masu amsa kira, ɗaya na mai sa ido a kansu. Ana aiki dare da rana, ana karɓa-karɓa. Akwai kuma wasu na'urori shida da aka ware wa hukumomin da ke kai ɗauki, wato 'yan sanda, Hukumar Kiyaye Haɗurra, 'yan kwana-kwana, Sibil Difens, masu motar asibiti da hukumar agajin gaggawa ta jiha. Aikin ya rabu gida biyu ke nan: wani ya karɓi bayani, wani ya tura mutane.

Tambayar farko a wannan sana'a, a ƙasashe da dama, ita ce "ina kake?", kafin ma "me ya faru?". Dalilin a fili yake. Waya na iya katsewa, caji na iya ƙarewa, mai kiran na iya jin motsi ya kashe wayar don kada a gano maɓoyarsa. In an san wurin, ko ba a san sauran ba, ana iya tura wani ya duba. In kuwa an san komai ba a san wurin ba, aikin banza aka yi. Daga nan sai a tambayi irin lamarin, mutum nawa ya shafa, ko akwai makami, ko wanda ya ji rauni yana numfashi. Amsoshin nan ne ke nuna hukumar da za a miƙa wa, da kuma kiran da za a fifita idan biyu sun shigo lokaci guda.

Inda sana'ar ta bunƙasa, mai amsa kira ba ya ajiye waya bayan ya tura ɗauki. Yakan zauna a kan layi yana koya wa mai kiran yadda zai danne rauni da tsumma mai tsabta don tsayar da jini, ko yadda zai riƙa danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya. Wani likita Ba'amurke, Jeff Clawson, ne ya tsara irin waɗannan tambayoyi da umarni a jere a ƙarshen shekarun 1970, don kada ma'aikaci ya dogara da abin da ya faɗo masa a rai lokacin da wani ke kururuwa a kunnensa. Masana lafiya sun ƙiyasta cewa duk minti ɗaya da ya wuce ba a danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya ba, damar rayuwarsa na raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari. A ƙauyen da motar asibiti ba za ta isa cikin awa guda ba, muryar da ke kan waya ce kaɗai taimakon da zai zo a kan lokaci.

Aiki ne mai cin rai. Ma'aikacin na jin farkon bala'i, da wuya ya ji ƙarshensa. Ga kuma masu kira don wasa ko gwada layi, waɗanda hukumomi suka sha kokawa a kansu, domin kowane kiran wasa yana tare layin da wani ke nema da gaske.

Inda gizo ke saƙar

An gina wannan tsari ne bisa zaton gari mai tituna masu suna da gidaje masu lamba. Ƙauyukan ƙasar Zuru ba haka suke ba. Mai kira zai ce yana bayan makarantar firamare, ko gaba da rafi, ko kusa da tsamiyar da ake cin kasuwa. Ga ɗan yankin wannan kwatance ne cikakke. Ga ma'aikacin da ke babban birnin jiha, wanda mai yiwuwa bai taɓa taka Sakaba ba, tatsuniya ce. Sunayen ƙauyuka ma na maimaituwa: Tungar wane, Unguwar wane, Sabon Gari. Na'ura ba ta cika warware matsalar ba, domin turken sadarwa ɗaya a karkara kan ɗauki kilomitoci masu yawa, sanin turken da kira ya bi ba ya nuna gonar da mutum ke kwance.

Sai batun harshe. NCC na cewa ma'aikatanta na amsa kira da Turanci, Hausa, Yarabanci, Ibo da Turancin buroka. Hausa na gudana a kasuwannin ƙasar Zuru, amma ƙasa ce ta Dakarkari, Dukawa, Kambari, Fakkawa da Fulani, kuma tsohuwar da ta firgita harshen da ta sha a nono take komawa.

Sabis ɗin kansa ba tabbas gare shi ba. A watan Satumbar 2021 hukumomi suka rufe layukan waya a Zamfara, maƙwabciyar masarautar Zuru, daga baya aka faɗaɗa zuwa wasu ƙananan hukumomin Katsina, Sakkwato da Kaduna, da nufin toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da masu ba su bayanai. Ko me za a ce game da amfanin matakin, a tsawon makonnin da ya ɗauka babu wanda ya iya kiran 112 a wuraren. Hukumar da doka ta ce ta samar da lambar ceton rai ita ce ta aika wa kamfanonin waya umarnin kashe layin.

Babban giɓin dai yana bayan an ajiye waya. NCC ta gina ɗaki ta sa na'urori, amma motar sintiri, man da za a zuba mata, tankar ruwa da direban motar asibiti duk ba nata ba ne. Rundunar 'yan sanda ta tarayya ce, kamar yadda sashe na 214 na tsarin mulki ya tanada, kuma umarninta daga kwamishina yake saukowa. Kashe gobara da motocin asibiti galibi nauyin jiha ne. Sojoji kuwa, waɗanda su ne ke da ƙarfin tunkarar ayarin babura ɗauke da manyan bindigogi, ba sa cikin hukumomi shidan nan, kuma suna da tasu hanyar karɓar umarni. Mai amsa kira zai iya yin aikinsa ba kuskure, ya miƙa saƙo cikin minti ɗaya, saƙon ya tarar da ofishin da babu mota a ƙofarsa.

Mutanen Sakaba sun san farashin wannan giɓi. A daren Lahadi, 6 ga Maris, 2022, 'yan bindiga suka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin, suka kashe fiye da 60. Shugaban 'yan sa-kan ya shaida wa kamfanin dillancin labarai na Reuters cewa wani ne ya tsegunta wa maharan shirinsu. Kwana biyu bayan haka aka kai wa ayarin mataimakin gwamnan jihar na lokacin, Sama'ila Yombe Dabai, hari a Kanya da ke Danko/Wasagu, aka kashe jami'an tsaro da dama. Abin lura shi ne yadda manoma da 'yan kasuwa suka kai ga ɗaukar bindigogin gargajiya suna shiga daji da kansu. Al'ummar da ta yarda cewa kira ɗaya zai kawo mata ɗauki ba ta tura 'ya'yanta haka.

Batun tsegumi kuma ya taɓa aikin mai amsa kira kai tsaye. A yankin da ake zargin akwai masu kai wa 'yan bindiga rahoto, wanda ya ga ayarin babura na wucewa yana auna abu biyu kafin ya danna waya: ko za a zo, da ko sunansa zai fita. Lambarsa na bayyana a na'urar cibiyar, daga nan bayanin ya bi hannaye da dama. Riƙe sirrin mai kira a irin wannan wuri daidai yake da tura mota.

Harin Maga na 17 ga Nuwamba, 2025, inda aka sace ɗalibai mata 25 daga makarantar kwana aka kuma kashe mataimakin shugaban makarantar, ya nuna wani ɓangaren. Gwamna Nasir Idris ya fito ya ce an samu bayanan sirri tun kafin harin, an kai sojoji, amma aka janye su gab da isowar maharan. A can ba labari ne ya ƙi isa ba. Ya isa har ga gwamna.

Ɓangaren lafiya na da tanadin da matasa da yawa ba su sani ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa asibiti ƙin karɓar mai buƙatar kulawar gaggawa, ta kuma ware kashi 5 cikin ɗari na asusun kula da lafiya a matakin farko don wannan aiki. Wata dokar ta 2017 ta wajabta yi wa wanda aka harba magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. A 2022 gwamnatin tarayya ta fara shirin NEMSAS a Abuja, wanda ke biyan kuɗin motar asibiti da na jinyar sa'o'i 48 na farko, kuma ana faɗaɗa shi zuwa jihohi. Amma kuɗin da ke asusu ba ya gyara hanyar da damina ta cinye, kuma mai naƙuda a ƙauyen Sakaba har yanzu bisa babur aka fi kai ta asibiti.

Shi ya sa a aikace mazauna yankin ke da tasu 112: lambar shugaban 'yan sa-kai, ta mai gari, ta Baturen 'yan sanda ga wanda ya samu, ko ta wani soja da aka saba da shi a barikin Zuru. Sau da yawa ta fi sauri. Illarta ita ce ta wanda ya san wani ce, kuma ba ta barin rubutu. In an kira ba a zo ba, babu wanda zai iya tabbatar da cewa an kira.

A nan ne cibiyar ta fi kowace lambar sirri daraja. Kiran da ya bi ta kwamfuta yana barin sawu: lokacin da ya shigo, wanda ya ɗauka, hukumar da aka miƙa wa. Da irin wannan rajista ake iya tambayar kira nawa suka fito daga ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Zuru, wato Zuru, Fakai, Sakaba da Danko/Wasagu, nawa aka miƙa wa 'yan sanda, kuma a nawa aka tura mota. Ba a saba jin 'yan majalisa na yin waɗannan tambayoyi a lokacin kare kasafin kuɗi ba, alhali su ne ma'aunin da zai nuna ko kuɗin janareta da na'urorin ya zama ɗauki ko ya tsaya a bikin yanke kyalle. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta bai wa kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa NCC ko rundunar 'yan sanda ya nemi waɗannan alƙaluma ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, kuma ta ba hukumar kwana bakwai ta amsa.