Tayar Hunturu da Tuƙin Mota Mai Ƙarfin Gudu a Kan Dusar Ƙanƙara

Kafin a shiga cikin bayani, ya kamata a lura da cewa komai girman injin mota, ba ta taɓa ƙasa sai ta wurare huɗu, kowanne kuwa faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Ta nan ƙarfin inji yake bi, ta nan birki da sitiyari suke aiki. Saboda haka ɗalibi ko ma'aikacin da aka tura Turai ko Kanada, ya ga dusar ƙanƙara ta rufe hanya, to, taya ce abin tambaya kafin inji.

Motoci masu ƙarfin gudu, irin su BMW M3, akan sayar da su ne da tayoyin lokacin zafi, masu faɗi, waɗanda robarsu take kama kwalta idan ta ɗauki ɗumi. Da zarar sanyi ya yi ƙasa da digiri 7, sai wannan roba ta soma sandarewa, ta daina lanƙwasawa ta bi ƙananan ramukan hanya. Ita kuwa tayar hunturu an haɗa robarta yadda za ta zauna da taushi cikin tsananin sanyi. Bugu da ƙari, an tsattsaga zanenta da ƙananan tsagogi masu yawan gaske, waɗanda suke buɗewa su ciji ƙanƙara, su kuma riƙe dusar a cikinsu, domin dusa ta fi kama 'yar'uwarta dusa fiye da yadda take kama roba. Wani kamfani na ƙasar Finland, wanda yanzu ake kira Nokian, shi ya fara yin irin wannan taya a 1934, don manyan motoci.

Wajen zaɓe, abin dubawa shi ne hoton dutse mai kai uku da ƙwayar dusa a cikinsa, a gefen taya. Wannan alama tana nuna an gwada tayar a kan dusa. Harufan M+S su kaɗai ba su isa shaida ba, har ma Jamus ta daina karɓarsu tun Oktoba 2024. A lardin Kwibek na Kanada kuwa, tun 2008 doka ta tilasta sa tayar hunturu. Masu ƙusoshi sun fi kama daskararriyar ƙanƙara, sai dai suna cin kwalta, shi ya sa Jamus ta hana su. Wanda ya saba tuƙi cikin rairayi ya san taya mai faɗi ce ba ta nutsewa. A dusa akasin haka ake bukata, wato siririya wadda za ta keta ta kai ga abu mai tauri. Kuma huɗu ake sawa gaba ɗaya. Wanda ya sa biyu a gaba kawai don tsimin kuɗi, bayan motar ne zai juyo masa a kwana.

Akwai wani ruɗi da ya yaɗu tun fitowar Audi Quattro a 1980, cewa motar da ƙafafunta huɗu suke ja ta gagari santsi. Gaskiya ne tana tashi da sauƙi, amma wajen tsayawa ba ta da wani fifiko, tun da kowace mota ƙafa huɗu take taka birki da su. A kan ƙanƙara tazarar tsayawa tana iya ninkawa har sau goma.

Game da tuƙin kansa, ƙarfin dokin da ake alfahari da shi shi ne yake zama fitina, musamman a motar da ƙafafun baya suke turawa. Direba yakan tashi da giya ta biyu, ya taɓa totur a hankali, ya gama rage gudu tun bai shiga kwana ba. Idan baya ya zame, sai ya sassauta totur sannu, ya karkata sitiyari wajen da bayan ya nufa, idonsa yana kan inda yake so ya bi. Idan motar tana da birkin ABS, ya danne shi ya riƙe, ko da ya ji yana rawa a ƙarƙashin ƙafarsa.