Gaskiya ko Jita-jita: Wa Ke Tsaron Ƙofar Kubernetes?

Keffi ba ta wuce tafiyar kilomita 50 ko makamancin haka daga Abuja ba, don haka ɗaliban kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Jihar Nasarawa da sauran matasanmu masu koyon rubuta manhaja sukan sa ido kan abin da kamfanonin birnin tarayya ke nema a wurin ma'aikaci. Cikin sunayen da suke yawan ci karo da su akwai Kubernetes, manhajar da Google ya fitar a 2014 don tafiyar da gungun kwamfutoci masu ɗauke da manhajoji a cikin ƙananan ƙunsoshi da ake kira kwantena. Kafa gungun bai cika ba mu wahala ba. Inda muke yawan tuntuɓe shi ne batun wanda zai shiga da abin da zai taɓa idan ya shiga. Ga wasu maganganun da ake yawan ji a kan haka.

"Kubernetes ne da kansa ke ajiye sunayen ma'aikata da kalmomin sirrinsu"

Jita-jita ce. Kubernetes ba shi da rajistar mutane. Yana da asusun da yake buɗe wa manhajojin da ke aiki a cikinsa, amma ba wani umarni da za mu rubuta masa ya yi wa ɗan Adam rajista. Abin da yake yi shi ne duba shaidar da wani amintacce ya bayar, ko satifiket mai sa hannun hukumar da gungun ya yarda da ita, ko kuma tikitin shiga daga mai bayar da shaida irin su Keycloak, Dex, Google ko Microsoft Entra ID, ta ƙa'idar OpenID Connect wadda aka kammala a 2014.

Mun san irin wannan tsarin a rayuwarmu. Tun 2021 JAMB ke neman lambar NIN kafin ɗalibi ya yi rajistar jarrabawa. Ba JAMB ce ta ɗauki bayanan asalinsa ba, NIMC ce, ita kuwa JAMB ta dogara da shaidarta. Kuskuren zaton cewa Kubernetes ne ke ajiye sunaye ya yaɗu ne domin mun saba da Facebook da shafin ɗalibai na makaranta, inda wurin da muka yi rajista shi ne wurin da muke shiga.

"Da zarar an tantance mutum, ya sami damar yin aiki"

Ba haka ba ne. Tantancewa tana amsa tambayar "wane ne kai?" kawai. Izini mataki ne na biyu, kuma a mafi yawan gungu ana tsara shi ta hanyar RBAC, wato raba iko bisa matsayin aiki, wanda ya zauna da gindinsa a Kubernetes tun 2017. Mutum zai iya shiga lafiya lau, amma ko jerin manhajojin da ke gudana a hana shi gani har sai an ɗaura sunansa ko na rukuninsa a kan wani matsayi. Sau da yawa mai koyo yakan ga saƙon hanawa sai ya zaci shigar ce ta lalace, ya yi ta canza kalmar sirri, alhali an gane shi sarai.

"Fayil ɗin shugaba guda ɗaya ya ishe mu, tunda mun yarda da juna"

Nan ne ya kamata mu daɗe, domin wannan fahimta daga kyakkyawar zuciya take fitowa. Abokan aiki ne, wataƙila ajinsu ɗaya, neman a raba wa kowa nasa mabuɗin sai ya yi kama da zargi. Darussan da ke YouTube ma sun taimaka wajen yaɗa ta, domin yawancinsu a kan kwamfuta ɗaya ake yin su, mutum ɗaya ne shugaba kuma shi ne ma'aikaci.

Matsalar ba ta amana ba ce. Fayil ɗin shugaba da manhajar kubeadm ke samarwa yayin kafa gungu yana ɗauke da satifiket mai cikakken iko, wanda a bisa tsari yake aiki har shekara guda. Kubernetes kuma ba shi da hanyar soke satifiket ɗaya kafin wa'adinsa ya cika. Idan an tura fayil ɗin ta WhatsApp ga mutum biyar, aka sace wayar ɗaya a tasha, ko wani ya bar aiki, ba za a iya cire shi shi kaɗai ba. Sai dai a janye ikon daga kowa, ko a sauya hukumar satifiket ɗin gaba ɗaya, aikin da ba wanda ke sha'awar yinsa da rana tsaka. Ban da haka, kundin da ke adana bayanin ayyukan gungun zai nuna suna ɗaya a kan duk abin da aka yi, ranar da aka goge wani abu kuwa ba a san hannun wa ba ne, sai zargin da ake gudu ya hau kan kowa.

Da mai bayar da shaida, kowa da asusunsa, tikitin kuma gajeren rai gare shi, galibi mintuna ko awa guda. Idan aka rufe asusun mutum a can, da tikitinsa ya ƙare ba zai sami sabo ba. A can ne kuma ake ƙara mataki na biyu na tantancewa, wato lambar da ke canzawa a waya ko mabuɗin tsaro, abin da fayil ɗin shugaba ba ya tambaya.

"Idan intanet ta yanke, mai bayar da shaida zai kulle mu a waje"

Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma duk wanda ya san halin sabis da wutar lantarki a yankinmu ba zai raina wannan fargaba ba. Sai dai Kubernetes ba ya tuntuɓar mai bayar da shaida a kan kowane umarni. Yana ɗauko mabuɗan fili na mai bayar da shaidar ya riƙe, da su yake duba sa hannun da ke jikin tikiti. Wanda ke da tikiti mai rai zai ci gaba da aiki, sabuwar shiga ce za ta tsaya. Manhajojin da ke gudana a cikin gungun ma ba ruwansu da wannan. Saboda irin wannan ranar ce ake adana satifiket ɗin shugaba a killace a hannun mutum ɗaya ko biyu. Mai son rage dogaro da waje kuma zai iya kafa Keycloak ko Dex a kan kwamfutocinsa, tunda kyauta ake samun su.

"Ƙaramin aiki irin namu ba wanda zai waiwaye shi"

Masu kutse ba sa zaɓar wanda za su taɓa ta hanyar duba girman kamfani. Manhajojinsu ne ke bin adireshin intanet dare da rana suna gwada ƙofofi. A Fabrairun 2018 masu bincike na kamfanin RedLock suka bayyana cewa an shiga allon sarrafa Kubernetes na kamfanin Tesla, wanda aka bari ba kalmar sirri, aka yi amfani da kwamfutocin wajen haƙar kuɗin kirifto. Abin da ɓarawon ke nema ƙarfin kwamfuta ne, kuma gungun da ɗalibi a Keffi ya yi haya don aikinsa na shekarar ƙarshe yana da shi. Kuɗin hayar da za a caje shi a ƙarshen wata kuwa da dala ake lissafa shi.